Yadda Za Ka Kai Surukarka Tarauni da Ribas

Ɗan'uwa, ba ka iya tuƙi ba amma ka riga ka cika baki a gidan budurwa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka isa inda za ka. Ta wace fuska za ka isa, wannan kuma wata magana ce. Rabi'u tela na Gyaɗi-Gyaɗi ne ya fara gwada hanyar, shekarar da soja suka koma bariki, kuma har yau yana raye.

Mataki na 1: Kada ka janye maganarka

Rabi'u na neman auren Sa'adatu, uwarta Hajiya Indo kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wata rana a zaure ya ce shi tuƙi a jininsa yake, alhali bai taɓa tuƙa komai ba sai keken ɗinki. Da Ɗanladi, yayan Sa'adatu, ya ci kansila aka shirya walima a Tarauni, sai Hajiya ta aiko: yaron nan mai tuƙi a jini ya zo ya kai ta. Idan irin wannan saƙo ya same ka, ka ce "an gama". Zawo zai biyo baya, amma shi a ɓoye ake yinsa.

Mataki na 2: Nemi mota wurin mai kunya

Maƙwabcinsa Malam Istifanus, malamin makaranta, yana da tsohuwar Fijo, kuma bai iya cewa a'a ba. Ya miƙa masa mukulli.

"Rabi'u, giyar nan tana son lallashi. Ka dai san kuloci ko?"

"Haba Malam! Ni da kuloci ai tare muka tashi."

Lura: kuloci shi ne abin takawa na hagu. Rabi'u bai gano haka ba sai da ya taka sauran biyun.

Mataki na 3: Kowace ƙara ka ba ta suna

Hajiya ta hakimce a baya da sabon leshi. Rabi'u ya cusa giya lamba ɗaya, Fijo ta yi gurnani, ta zabura, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake mutuwa.

"Lafiya, Rabi'u?"

"Lafiya lau, Hajiya. Gaisuwa take yi muku."

Ƙwararren direba ba ya cewa "ban sani ba". Cewa yake "injin bai ɗumama ba", ko da rana ta take tsaka.

Mataki na 4: Idan giya ta ƙi, nuna mata ƙarfi

Sun fito lungu da kyar, mota na ihu a lamba ɗaya kamar injin markaɗe, 'yan acaɓa na wucewa suna nuni da hannu. Rabi'u ya ga ya kamata ya ƙara lamba. Ya kama sandar giya da hannu biyu ya fizga. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin mota, sanda ta faɗa ribas ta kafe. Ya ja, ya tura, ya karanta duk addu'ar da ya haddace. Ko motsi.

A nan ne rago yake fita ya nemi bakanike. Rabi'u kuwa ya hango fuskar Hajiya a madubi, ya hango aurensa yana zamewa.

Mataki na 5: Mai da matsala tsari

"Hajiya, ku gyara zama. Yanzu mulkin farar hula ake, manya ne a gaba, direba a baya."

Ya juya motar, ya leƙo da kai ta taga, ya bi lunguna da baya, sannu-sannu. Mai rake ya kwashe baro ya gudu. Wata akuya ta tsaya tana kallo har suka ɓace. Wuyan Rabi'u ya sage, gumi ya jiƙa masa babbar riga, Hajiya dai carbi kawai take ja.

Mataki na 6: Isa kamar da gangan

Sun shiga filin walima gindin mota a gaba, ƙofar baya ta tsaya daidai bakin rumfa. Maroƙa suka ɗauka sabon salo ne, suka ɓarke da kirari, mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya ta fito a hankali, ta gyara mayafi, sannan ta sunkuyo taga.

"Rabi'u."

"Na'am, Hajiya."

"Tun daga ƙofar gida na san ba ka iya ba. Amma wanda zai kawo ni nan da baya don kada ya yar da ni a titi, zai iya riƙe min 'ya. Ka turo manyanka. Su zo a ƙafa."

Sanarwa: Mai wannan darasi ba shi da hannu a karyewar giya, sagewar wuya, ko fushin mai mota. Malam Istifanus ya yi wata da watanni yana zuwa makaranta a acaɓa, kuma ko gaisuwar Rabi'u ba ya amsawa sai ranar ɗaurin aure. Idan ka gwada ka faɗa kwata, kada ka neme ni. Ni ma ban iya tuƙi ba.