Jiƙon da ya hana Baba Ladan kiran la'asar

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Wata Juma'a ce na saka kwalba a leda na nufi unguwar Hindawiyya, gidan mutumin da nake neman auren 'yarsa, ina tafe ina jin kaina likita.

Bari in faro daga tushe. Ni direba ne a nan Jidda, ɗan Maraɗi, shekara tara a gidan kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar. Wata shekara iyalan gidan suka guje wa zafi suka tafi hutu Italiya, aka tafi da ni don in riƙa tura keken guragu na dattijon gidan. Sati shida muka yi a wani gida a gindin tsauni. Abincinsu taliya da cuku, safe da yamma. Cikina kuwa ɗan tuwo ne, sai ya yi yaji: kumburi, gyatsa, ba ci ba sukuni.

Wata tsohuwa ce ke kula da gidan, ina ce mata Mama. Tana jin Faransanci kaɗan, ni ma kaɗan (nawa na tasha ne), a haka muke fahimtar juna. Da ta ga kullum ina dafe da ciki, sai ta zuba mini wani baƙin ruwa mai kauri a ɗan kofi kamar na gahawa. Ɗaci kamar maɗaci. Na runtse ido na shanye, washegari na tashi garau.

Amaro suke ce masa, wato mai ɗaci. Mama ta ba ni tarihinsa tiryan-tiryan. Tun zamanin da, malaman addininsu masu killace kansu a gidajen ibada ke haɗa shi don marasa lafiya, da saiwoyi da sassaƙe da ganyaye da ɓawon lemo. Daga baya masu sayar da magani suka karɓa, yanzu kowane yanki da irin nasa, kowace tsohuwa da sirrinta. Bayan an ci abinci ake sha, wani haka nan, wani da ƙanƙara, wani ya ɗiga a kofi. Ni da na ji saiwa da sassaƙe da ɗaci, sai na ce to, ai jiƙo ne, kakata ma haka take yi a ƙwarya. Giya kuwa na san ta: ja ce a dogon kofin gilashi, ko mai kumfa a gwangwani, na kuma sha kau da kai daga gare ta a garin. Wa ya taɓa ganin giya da saiwa?

(Ga abin da na ɓoye: duk lokacin da na sha, nakan ji wani zafi ya bi ƙirjina ya sauka, kunnuwana su yi ɗumi, in ji ina son kowa da kowa. Sau biyu tambaya ta zo bakina. Na haɗiye ta, don maganin yana aiki, kuma ba na son amsar da za ta raba ni da shi.)

Ranar dawowa Mama ta cika mini tsohuwar kwalbar man zaitun, babu takarda babu rubutu. Kwalbar ta bi cikin tulin jakunkunan iyalan gidan, ba wanda ya buɗe a filin jirgi.

Mahaifin Zahra'u, wadda nake nema, Baba Ladan ake ce masa. Haifaffen Jidda ne, iyayensa suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Tun kafin a haife ni yake kiran salla a ƙaramin masallacin lungunsu. Shekara biyu ina zarya gidan, danginta na cewa me za a yi da direba mai iƙama, takardar zaman baƙo, wanda gobe ana iya ce masa halas, ya tattara ya koma. Shi kaɗai ya tsaya mini. Ya ce, "Yaron nan yana da amana, ni ita nake dubawa." A Juma'ar nan za a sa rana. Na kuma san ya daɗe yana fama da ciki, sai na ce bari in nuna masa bai yi zaɓen tumun dare ba.

Aka ci shinkafa bukhari a falon maza, mu kusan goma, har da kawuna da ya zo a matsayin waliyyina. Ana ɗauke faranti Baba ya dafe ciki ya yamutsa fuska. Na ce lokaci ya yi. Na zaro kwalba, na gyara zama, na buɗe makaranta. Na ce malamai ne suka haɗa shi (ban faɗi malaman wane addini ba). Na ce a can babu gidan da babu shi. Har na sa a kawo mini ƙanƙara da ɓawon lemo, wai haka manyansu ke sha. Ni da sati shida kacal na yi a ƙasar, kuma rabinsa a bayan keken tsoho.

Baba ya yi bismilla ya kurɓa. Ya ce, "Ya salam! Wannan ɗacin magani ne na gaske, ya waladi." Ya shanye, ya miƙo kofin. Na ƙara masa, bakina har kunne.

A nan ƙaninsa, Ammu Usman, ya dawo daga wanke hannu. Mutumin nan shekara ashirin ya yi yana girki a jiragen ruwa, babu tashar da bai taka ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana buɗa hanci. Ya ɗauki kwalbar ya shinshina.

"Esh hada? Mene ne wannan, wa ya kawo shi?"

"Ni ne, Ammu. Maganin ciki ne, daga Italiya."

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Yaya, tofar! Khamr ce wannan. Giya ce, wallahi, ta fi ta gwangwani ƙarfi nesa ba kusa ba."

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Ammu, saiwoyi ne fa."

"A cikin me ake jiƙa saiwoyin, ya miskin? A ruwan zamzam?"

Baba bai yi tsawa ba. Ya ajiye kofin a hankali, ya dafa bango ya miƙe, ya shiga banɗaki. Muna zaune muna jin dattijon nan yana zura yatsa a maƙogwaro yana kakari. Kawuna ya zuba wa kafet ido kamar zai ƙirga zarenta. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ya fito da jajayen idanu, gemunsa na ɗiga. Ya zauna gabana.

"Kai ma ka sha?"

"Na sha, Baba."

"Ba ka ji komai ba?"

Da na yi ƙarya, wataƙila da yanzu ina da 'ya'ya biyu. Na ce, "Nakan ji zafi a ƙirji, kaina ya yi sauƙi."

"Ka tambayi wanda ya ba ka?"

"A'a."

Ya ce, "Allah ba ya kama wanda bai sani ba, ni ban sani ba. Kai kuwa, ɗana, ba ka so ka sani ba. Ta yaya zan ba ka 'yata?"

Sai ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. La'asar ta yi. Ya ce wa ƙaninsa, "Yalla, Usman, je ka kira. Yau ba zan ɗaga sunan Allah da wannan bakin ba."

Abin da na kasa mantawa ke nan. Ina tsugune a bayan wata mota ina tsiyaye kwalbar a kwata, ina waige-waige kada wani ya gan ni, sai wata murya daban ta tashi daga masallacin. Mata suka leƙo ta taga suna tambayar juna, "Lafiyar Baba Ladan kuwa?" Na san amsar, kuma warinta na hannuna.

Ba a sa rana ba. Zahra'u ta turo mini saƙo ɗaya tak: "Me zai rage ka in ka tambaya?" Bara aka kai ta gidan wani a Aziziyya, har yanzu in aiki ya kai ni unguwar nakan zagaya ta wani titin.

Tun ina yaro nake jin ana cewa matambayi ba ya ɓata, ina ɗaukar maganar ta masu neman hanya ce kawai. Yanzu ko shayi aka miƙo mini sai na tambayi abin da ke ciki, har abokan aiki sun sa mini suna Mai Bincike. Ga tambaya na iya, amma babu sauran abin da za ta cece mini. Cikina kuma ya koma ciwonsa, na ƙyale shi ya yi ta yi.