Rasuwar A-kori-kurar Da Aka Toshe Wa Baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi a kai har yana zuba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar a-kori-kurar gidanmu mai shan dizal, wadda yaran layi ke kira Mai Tari. Hukuncin Allah ba ya tsallake kowa. Ba zan ce Allah ya ji ƙanta ba, ƙarfe ce, na san addinina. Amma na sha zuwa gaisuwar mutanen da ba su kai ta amfani ba.

Marigayi maigidana ne ya bar ta, da aikin kai wa mai bulo kaya wuraren gini. Da wannan aikin ake ɗora tukunya a gidan nan.

Marigayiyar ba ta da ɓoye-ɓoye. Da safe in an tayar da ita sai ta fara ƙwar-ƙwar-ƙwar, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In ta ɗumama ta sauko silo, injin ya lafa, dugu-dugu-dugu, har murfin tukunya na rawa a kicin. A kan tudu da lodi, guuuu. In an kashe ta, ƙyas, ƙyas, ƙarfe na hucewa. Haka dizal take, lafiyarta ke nan. Maigidana kafin ya taka ta sai ya tsaya ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya saurara. Ran da wani sauti ya sake, ran nan take ganin bakanike.

Sai ta faɗa hannun babban ɗana, Ɗan Gayu. Abokansa na teburin mai shayi suka sa mata suna injin markaɗe. In ya tsaya gaishe su sai su toshe kunne suna dariya. Namiji da gemu da 'ya'ya uku, wai kunyar abin da ke ciyar da shi yake ji.

Cutar ajali daga nan ta fara. Ya kai ta wurin wani abokinsa mai gyaran janareta, wanda ko keke ba shi da shi. Suka murɗa nan, suka sassauta can, suka ɗura mata mai mai kauri. Tana nan dai da bakinta. Sai ɗan nawa mai basira ya shiga ɗakina ba na nan, ya yanka tsohuwar katifata, ya cusa soson a ƙarƙashin bonet ta kowane lungu. Muryar motar ta yi laushi kuwa. Ya dinga wucewa ta gaban mai shayi a hankali, gwiwar hannu a taga.

Ashe tana zubar da mai, tana zafi, tana kuka a cikin soso ba mai ji. A kan tudun bayan makaranta, da bulo a bayanta, ta yi gau sau ɗaya, hayaƙi ya tashi. Bakanike na gaskiya da ya buɗe ta, soso ya fara zarowa, ƙonanne, yana kallon ɗana.

Ta rasu ta bar ni, da suruka mai haƙuri, da jikoki uku masu cin abinci sau uku. Ta bar taya huɗu, biyu sun yi sanƙo, da jak, da rabin katifa. Ta bar mai bulo, wanda bai tsaya makoki ba, ya ba wani direba aikin. Ta kuma bar Ɗan Gayu, yana kwance a falo yana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani. Amma da wuƙar kicin ɗina aka yanka soson.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar da hantsi, wurin mai sayen tsoffin ƙarafa. Ba janwe da za a ɗauko a ja ta. 'Yata, ƙanwar Ɗan Gayu, za ta riƙe sitiyari, shi zai tura, kuma ta gaban teburin mai shayi za a bi. Don Allah kada wanda ya sa masa hannu, wanda ya ji tausayi ya yi addu'a daga inuwa. Masu gaisuwa su same ni a gida, kada a zo da yara da yunwa.

In an gama, ya wuce kai tsaye wurin mai bulo. Na je da kaina na roƙa masa aikin lodi a motar sabon direban. Ita ma dizal ce, a baya zai zauna, kusa da salansa.

Sanarwa daga mahaifiyarsa, Allah ya ba ni haƙurinsa.