An Huda Mana Faifai

Jama'a, jiya na wuni a wani ofishi a Gumel, kuma har yanzu kaina bai daina juyawa ba. Takardar shaidar asali na je nema wa 'yata Juwairiyya. Ranar Litinin za ta je ganawar shiga makarantar ungozoma, an ce in babu takardar ko ƙofa ba za ta shiga ba.

Kun dai tuna bara, da Mai Girma Uban Cigaba ya kawo kwamfuta, aka yi kiɗa, aka ce an zuba sunan kowa a cikinta. To, ta mutu. Malam Isaiah, mai kula da ita, ya ce in kwantar da hankalina, akwai ajiya.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ɗauko."

Ya ce, "Baba, sunayen sun yi wa faifai ɗaya yawa, sai muka yanka su gunduwa-gunduwa a faifai da dama. Amma fa in guda ya lalace, sauran ba sa magana."

Na ce, "Kamar 'yan kwamiti ke nan."

Sai ga Kawu Barau, tsohon akawun ofishin, ya fito da ajiyar yana taƙama. Wallahi ya yi aiki! Ya bi kowane faifai ya huda shi, ya zura igiya, ya ɗaure tamau a cikin fayil, har da hatimi.

Isaiah ya dafe kai. "Kawu, me ka yi?"

"Abin da nake yi tun kana goye, yaro. A ofishin nan ba a ajiye abu sai an huda shi. Ƙirga ka gani, ko ɗaya ya ɓata?"

Gaskiyarsa, ko ɗaya bai ɓata ba. Mu ne muka ɓata, daga Ɗanzomo har Maigatari.

Ranka ya daɗe, shugaban ofishin, ya leƙo, ya jinjina kai, ya ce za a sayo babbar kwamfuta. Sannan ya sa hannu a wata takarda mai cewa ana kan binciken ko an haifi Juwairiyya.

Da takardar nan za mu tafi ranar Litinin, in tura yarinyar gaba su duba da idonsu. Ita dai ban da kunne, ba a huda mata ko'ina ba.