Yadda Illo Ya Hau Tanki Ya Kulle Tasharsa

Ranar Laraba da hantsi ina layin mai a Isa, na tura babur har kafaɗata ta fara ƙara, sai na ji dariya ta taso daga gaban layi tana tahowa baya, kamar ana miƙa ta hannu da hannu. Da ta iso kaina, wani direban bas ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne a tashar nan ta cikin waya, Bakin Gulbi A Yau: "Albishirinku jama'a. Mai ya wadata ko'ina, babu layi, godiya ta tabbata ga Mai Girma Garkuwan Marasa Garkuwa."

Ni da nake karantawa, mutumin da ke gabana da tabarma da buta ya zo.

Na waiwaya. Mai tashar da kansa, maƙwabcina Illo, yana bayana yana sharce gumi, wayarsa na cikin aljihu.

"Illo, kai ne da wanga aiki?"

"Wane aiki, Malam Wada? Hannuna na ga babur tun da sahe."

Da ya karanta, sai da ya saki babur ɗin ya faɗa kan na wani.

Bari in gaya muku ko wane ne Illo. Dillalin gero ne, mutumin Gangara, wanda ba ya iya jin labari ya kwana da shi. Kafin damina ya sayi tashar daga hannun Badaru, mai gyaran waya a Sabon Birni, ya ba shi rago sukutum. Tun daga ranar, dubban mutane daga Isa har bakin iyaka ba sa ɗaura kaya a mota sai sun duba abin da Illo ya ce: yadda gero ya kwana a kasuwa, inda ake samun mai, hanyar da ruwa ya cinye. Abin da ofisoshi masu labule da fanka suka kasa gaya mana, Illo yana gaya mana da yatsa ɗaya, don da ɗaya ya iya rubutu.

Muna tsaye wani saƙon ya sake faɗowa. Wai rijiyar burtsatsen Gangara tana ambaliya. Muka yi dariya, don wannan rijiya an buɗe ta da kiɗa da jawabi, an sake buɗe ta da wani kiɗan, har yau ko ƙadangare bai jiƙa baki a wurin ba. Amma saƙo na gaba ya kashe dariyar. Wai an kammala gadar mashigin gulbi, motoci su bi hankali kwance. Gadar da ginshiƙanta kawai ke tsaye cikin ruwa. Ga shi washegari kasuwa, kuma direbobi sun saba in Illo ya ce a bi, bi suke yi.

Muka bar layin da muka sha wuya a kansa, muka jingine babura wurin mai shayi, muka hau motar Sabon Birni. A hanya muka biya muka ɗauki Sadiƙa, matar Illo, mai sayar da turaren wuta ta waya. Bara aka sace mata layi, ta sha yawo kafin ta dawo da shi, tun daga nan ko gaisuwa aka turo mata sai ta bincika asalinta.

Mun sami Badaru a rumfarsa yana hura wata waya da baki.

"Kawu, ai tasha nis sai maka," in ji shi. "Ba mu yi maganar makulli ba."

Ashe abin da ya ba Illo izinin rubutu ne kawai. Sunan mai gida yana nan kan layin Badaru. Ban da haka akwai wasu masu izinin da ya bari a ciki: abokinsa na Maraɗi, wani da ko shi ya manta ko wane ne, da sabon shiga, Mai Taimaka wa Mataimaki na Musamman na Mai Girma, wanda ya zo da mota mai baƙin gilashi ya roƙi a ɗan buɗe masa taga. Wato yadda ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku, haka aka sayar wa Illo da iska.

"To maido mini ragona."

"Kawu, ragon da munka ci ran suna? Har kai ka ci."

Ban san inda rigimar za ta kai ba, sai ga matar Badaru ta aiko masa da jarkoki, wai ta gani a tasha ruwa ya zo Gangara, ya hau babur ya ɗebo. Badaru ya dubi jarkokin, ya dubi nisan Gangara, ya ce ya tuba, a zo a maida komai sunan Illo.

Nan aka zo wurin da ƙasarmu ta fi ƙwarewa. Ba a sauya mai gida sai an turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya, sabis kuwa ya tafi hutu tun kafin mu iso. Muka zaga bayan kasuwa muna ɗaga wayoyi sama kamar masu roƙon ruwa. Sadiƙa ce ta tuna cewa duk yankin babu abin da ya kai tankin burtsatsen Gangara tsawo. Muka ɗunguma can.

A nan dole in yi adalci, in jinjina wa Mai Girma. Masu cewa wannan aiki nasa bai amfani kowa ba su ji tsoron Allah. Da Illo da Badaru suka hau tsanin, babbar riga na kaɗawa, suna isa sama sabis ya cika waya taf. Tanki ne busasshe, mara santsi, babu ɗigon ruwan da zai sa mutum ya zame. Wannan shi ne hangen nesa.

Badaru ya miƙa sarautar tasha. Lamba ta shigo wayar Illo. Kafin ya taɓa ta, waya ta yi ƙara. Murya ce mai laushi, irin ta wanda bai taɓa tura babur ba, muna jin ta daga ƙasa don Illo ba ya amsa waya sai a lasifika.

"Alhaji Illo, daga Ofishin Rajistar Tashoshi da Sauran Al'amura ne. Akwai wata lamba da ta shigo maka yanzu. Karanto mana, mu sa ka cikin waɗanda za a karrama."

Illo bai taɓa zuwa Makka ba, kuma ba a taɓa karrama shi ba. Na ga ya gyara hula. Na ga ya buɗe baki.

"Malam," in ji Sadiƙa daga ƙasa, ba ta ko ɗaga murya sosai ba, "in ka karanta lambar ga, ka kwana bisa."

Illo ya dubi ƙasa, ya dubi waya. Sannan ya yi gyaran murya irin ta manya.

"Ranka shi daɗe, buƙatarka ta iso gare mu. Za ni kafa kwamiti shi duba ta. Ka dawo bayan Salla."

"Wace Sallar?"

"Ita ma kwamitin zai duba."

Badaru ya yi dariya har sai da ya rungume ƙarfen tanki.

Sauran aikin Sadiƙa ce ta yi ta faɗa daga ƙasa, Illo yana dannawa daga sama. Ya sallami masu izini kaf, har na Maraɗi. Ya duba wayoyin da ke buɗe da sunansa, ya tarar da wata da bai san ta ba, ya kore ta. Ya sa kalmar sirri ta biyu, wadda ko an sace lamba ba a shiga sai da ita. Ya so ya sa sunan garinsu, Sadiƙa ta ce ko akuya za ta canka. Ya goge saƙonnin ƙarya, ya rubuta da yatsansa ɗaya: "Babu gada. Kowa shi zagaya ta tsohuwar hanya. Ni ne Illo na gaskiya." Washegari babu motar da ta nufi mashigin.

Ina cikin rubuta wannan ne labari ya iso mini cewa layin Mai Girma da kansa ya faɗa hannun wani. An kira shi an ce za a karrama shi, ya karanto lamba har da maimaitawa. Yanzu ɓarawon ne ke riƙe da layin, kuma duk wanda ya tura saƙo sai ya amsa, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce ya aka ji da ruwa. Dattawan Gangara sun zauna jiya, sun roƙi masu bincike su bi a hankali.