Ranar da Na Rera Sunan Surukata a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai 'yata koyon fiyano a Gashua ba. Har yau in na tuna, ko ni kaɗai ce a ɗaki sai na ja mayafi na rufe fuska.

Bari in fara da batun suna, don daga nan abin ya samo asali. 'Yata ta fari sunan mahaifiyar mijina ta ci, Hajiya Falmata (ga shi yanzu ma na faɗa, to ai ba sauran abin ɓoyo). Ummi muke kiranta. Ni kuwa kunya biyu ce ta haɗe mini, ga ta 'yar fari, ga ta sunan suruka. Ko a asibiti aka tambayi sunan yarinya, miƙa kati nake yi in kau da kai.

Ummi tana dab da shekara shida a lokacin, kuma ba ta magana a gaban mutane. Ba wai ba ta iya ba. In ina yi mata wanka, ni da ita, surutu take kamar rediyo. Amma da zarar wani ya yi sallama sai ta maƙale a zanina ta yi gum. Malamarsu a Nguru, inda muke zaune, ta kira ni ta ce zango ya ƙare ba ta ji muryarta ba. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Ni dai abin yana cin raina, don na sha ganin yara suna wasa a ƙofar gida ita tana leƙensu ta bayan labule.

Wata rana muka je barka gidan maƙwabta, ta samu ɗan fiyanon roba na yaran gidan. Ta zauna tana dannawa tana dariya, har ta manta da akwai mutane. Da na gaya wa babanta, sai ya ce ya ji labarin wata Malama Saratu da ke koya wa yara fiyano ran Asabar a wata makarantar kuɗi a Gashua. Tunda can za mu yi hutu a gidan Hajiya, a gwada.

Hajiya ba ta yi murna ba. Mace ce mai kwarjini, ita ake kira raba gardama a unguwa, ba a cika ganin haƙoranta ba (waɗanda suka rage ke nan, don na gaba sun faɗi). Ta dubi ɗanta ta ce, "Kiɗa? Takwarata za ku mayar makaɗiya?" Ya yi ta bayani. A ƙarshe ta ce, "Zan bi su in gani da idona. In bai yi mini ba, an gama."

Muka shiga napep mu uku. A makarantar, iyaye na zaune kan benci a ƙarƙashin darbejiya suna jiran 'ya'yansu, wasu ma sun san Hajiya, suka tashi suka ba ta wuri. Ni da Ummi muka bi Malama Saratu zuwa wani ɗaki can ƙurya. Babu wuta, amma ta ce ba komai, fiyanon da batir yake aiki. Na ga makirfo a ajiye a kansa da wata doguwar waya da ta fita ta taga. Na gani fa da idona, ban tambaya ba.

Malama Saratu mace ce mai haƙuri. Ta durƙusa ta nuna wa Ummi fararen maɓallai da baƙaƙe, ta danna wannan ta danna wancan. Ummi ta dunƙule hannuwa ta cusa a cinya. Aka yi lallashi, aka kawo alewa, ko motsi. Malama ta ce, "Maman Ummi, wani yaron idon baƙo ne ke takura shi. Bari in je in gaida Hajiya, ku ɗan sake." Ta ja ƙofa ta fita.

In muka fita haka, Hajiya za ta ce an gama, mu koma Nguru Ummi ta koma bayan labule. Ina cikin wannan tunani fanka ta fara juyawa da ƙara, an kawo wuta. Har da cewa alhamdulillahi na yi.

To, akwai wata waƙa da na ƙirƙira mata ta wanka, wadda ko babanta bai taɓa ji ba. A cikinta kaɗai nake kiran sunanta na gaskiya. Na dubi ƙofa na ga a rufe take, na ɗora Ummi a cinyata, na sunkuya dab da fiyanon (wato dab da makirfo) na fara:

"Falmata, Falmata mai giɓi,
Falmata ba ta son wanka,
Ta cinye kifin mutane,
Ta ce wai mage ce!"

Ummi ta yi murmushi, giɓinta ya bayyana. Na sake rerawa, wannan karon da tafi. Can nesa na ji kamar wata mata tana waƙa irin tawa, har na ce a raina, ikon Allah, ashe ba ni kaɗai ba ce. Sai Ummi ta zaro ɗan yatsa ɗaya ta danna maɓalli. Ta sake dannawa daidai da tafina. Fal-ma-ta, ta danna sau uku a jere, ta ɗago ta dube ni tana ƙyalƙyala dariya. Ai sai na rikice. Na ƙara murya, na shiga ƙaro baitocin da ban taɓa yi ba, har da na Falmata mai tumbi, Falmata mai minshari. Na rufe da guɗa.

Ƙofa ta buɗe. Malama Saratu ce, hannunta a kan baki, idonta ya kawo ruwa don danne dariya. Ta wuce ta zare wayar ta ce a hankali, "Maman Ummi, lasifikar da muka ɗaura a bakin get saboda bikin yaye ɗalibai... ana jin ki har titi."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun daga giɓi."

Na so a ce ɗakin nan yana da ƙofar baya. Ba shi da ita. Haka na fito riƙe da hannun Ummi. Matan benci kowacce ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Masu napep a bakin get suna tafa hannu. Wata tsohuwa, ƙawar Hajiya, ta kasa daurewa ta ce, "Hajiya, ashe ba kya son wanka?" Wurin ya ɓarke da dariya. Hajiya ko gezau, ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Mu tafi."

Muka isa gida. Na shige kicin na yi ta wanke tukwanen da na riga na wanke. Bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Hajiya, don Allah ki yafe mini. Wallahi da yarinyar nake."

Ta ce, "Sake mini ita."

"Na'am?"

"Waƙar."

Sai ga wata 'yar siririyar murya daga gefen gado. Ummi ce. Ta rera wa kakarta waƙar daga farko har ƙarshe, tana danna gwiwar Hajiya da yatsa kamar fiyano. Wannan ne karon farko da Hajiya ta ji abin da ya wuce "ina kwana" daga bakinta.

Hajiya ta jawo ta jikinta ta rungume. Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Malamar nan ta tashi da gudu za ta kashe abin, ni na riƙe hannunta na ce ta bar ki ki gama. Kowa Hajiya, Hajiya. Marigayi maigidana ma har ya koma ga Allah 'ke' yake ce mini. Tun rasuwar mahaifiyata ban ƙara jin an kira sunana da irin wannan muryar ba."

Ni ma sai hawaye. Muna cikin haka ta haɗe rai ta ce, "Amma batun minshari, ƙazafi ne." Sannan ta ce Asabar mai zuwa ma a je, kuma in mun koma Nguru babanta ya nemo mata nata fiyanon, na gaske, ba na roba ba.

Yanzu Ummi da hannu biyu take kaɗawa, kuma malamarsu ta fara kawo ƙarar surutunta. Ni kuwa har gobe ban iya kiran sunan nan a gaban Hajiya ba, ko da yake rabin Gashua sun ji shi a bakina. Abin da na koya shi ne, in za ki nuna wa ɗanki so, ki nuna, ba a mutuwa don an ji. Amma in kika ga waya ta fita ta taga, ki bi ta ki ga inda ta tsaya kafin ki buɗe baki.