Yadda Ake Burge Suruki da Manhajar Sata

Ni ne Sharif mai turi, mai rumfar nan ta bakin tashar Dogon Dutsi. Shekara bakwai ina loda wa mutane wa'azi da waƙa da manhaja a waya, ban taɓa biyan mai abu ko dala ba. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari uban yarinyar da kake nema ba zai taɓa manta sunanka ba. A kan Alhaji Inusa na gwada, kuma har yau bai manta ba.

Mataki na ɗaya: Gano abin da tsohon yake so

Alhaji Inusa ɗan kasuwar wake ne. Kullum tambayarsa guda: nawa tiya a Gesheme, nawa a Dumega? To akwai wata manhaja, samari na ce mata aplikasiyo, mai suna Tiya Nawa. Kowace safiya takan faɗi farashin kasuwanni da baki, da Hausa, ko ba ka yi lakwal ba, wato boko, za ka ji. Jaka guda ake biya. Kada ka biya. Fasa ta, ka cire wurin biyan, ka kwafa. Idan gwani ma zai biya, me ya yi saura a gwanintar?

Mataki na biyu: Kwantar da zuciyarka

Gaya wa kanka wannan ba sata ba ce. In ka saci akuya, mai ita ya kwana babu akuya, amma manhaja tana nan hannun mai ita, ƙanwarta kawai ka ɗauka. Mai abin ma ko suna bai sa ba, S.I. kawai ya rubuta. Ka ƙaddara wani mai ƙaton tumbi ne a Yamai.

A fadarku ta shan shayi ba za a rasa ustazu irin Mus'ab ba, wanda ya biya tun ranar farko, yana ta zancen haƙƙi. Yi masa dariya sosai. Ni sai da na ƙware da shayi.

Mataki na uku: Kada ka tambayi yarinya aikinta

Shamsiyya, ɗiyar Alhaji, ta yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Yamai, kuma kullum na je zance sai in tarar tana danne-danne. In taka ta ce, "Ka san abin da nike ginawa?" ka ce, "Bari in ba ki labarin rumfata tukuna." Namiji mai saurare ba ya kwarjini.

Ba ta labarin yadda ka fasa Tiya Nawa. Tawa ta aje abin da take yi ta ce, "Mutum nawa ka tura ma?" Na ce sun fi ɗari biyu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi murmushi. Na koma gida ina cewa yarinyar nan ta mutu a kaina.

Mataki na huɗu: Loda wa suruki

Cire takalmi tun daga nesa, durƙusa, karɓi wayarsa da hannu biyu. Alhaji mutum ne mai bin wa'azi, don haka zai tambaya, "Halan dai halal ta?" Ka ce halal ce tsantsa. Ranar har "ɗana" ya ce mini, kuma wallahi na ji daɗin kalmar nan har cikin raina.

Mataki na biyar: In ta nemi mizajur, danna Eh

Masu gina manhaja kowa da irin kukansa. Wani ya rufe ta, mu buɗe. Wani ya rubuta doguwar magiya da Faransanci, ba mai karantawa. Wani ya ce zai kawo jandarma, mu ce a sauka lafiya. Don haka in wayar ta ce akwai mizajur, wato sabon gyara, karɓa, ka gaya wa mutanenka ɗari biyu su ma su karɓa. Kyauta ce.

Mataki na shida: Ranar kasuwa, tsaya kusa da shi

Wannan shi ne lokacin girbi. Alhaji ya zauna kan buhu, 'yan wake sun kewaye shi, ya ƙure ƙarar waya don kowa ya ji farashin Gesheme. Ya nuna ni ya ce, "Aikin yaron ga na." Ya danna.

Sai muryar wata tsohuwa ta fito tangaran: "Kai mai wayag ga! Wanga abu na sata na. Ka ci gumin baiwar Allah. Allah ya isa, ban yahe ba!"

Alhaji ya zame daga kan buhu, hula ta faɗi. Ya riƙe wayar ya ce, "Inna? Inna, mi na yi miki?"

Muryar Hajiya Sahura ce, mahaifiyarsa. S.I. kuwa Shamsiyya Inusa ce, ta ɓoye sunanta ne don Alhaji na ganin aikin waya ba na mata ba ne. Da ta gaya wa kakarta ana cin guminta, tsohuwa ta ce a miƙo mata abin ɗaukar magana. Muryar nan ce Shamsiyya ta cusa cikin sabon gyaran da muka karɓa. Kafin in tsince hular, tsinuwar ta tashi a rumfar mai nama, da ta tela, da aljihun 'yan kabu-kabu. Duk kasuwa ta juyo tana kallona.

Mataki na bakwai: Biya

A ƙasan allon akwai maɓalli guda, an rubuta Na Tuba. In ka danna ka biya jakar, tsohuwa za ta ce, "To, na yahe." Alhaji bai yarda da yafiyar waya ba, sai da ya hau kabu-kabu ya je ya durƙusa gabanta. Yanzu ko'ina ya zauna sai ya ce ɗiyarsa injiniya ce.

Ni ma na biya. Na je gidan sau uku, ana ce mini ba ta nan, alhali ina jin ƙarar danne-dannenta daga zaure. Abin ya yi mini ciwo, don da gaske nake son ta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, ko tsinuwa ce ko rufe rumfa. Sunanka kawai na ce ba za a manta ba. Manhajar kuwa tana aiki lafiya lau, ina ba da shaida. Yau da safe ta gaya mini wake ya tashi a Dumega, sannan ta ƙara da saƙo na musamman ga waɗanda suka biya: ana gayyatarmu ɗaurin auren Shamsiyya da Mus'ab.