Rasuwar Gogen Zelig, Mai Bargon Ulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ta maigida ta fi cika, Gittel matar Zelig makaɗi ke sanar da 'yan'uwa Yahudawan unguwar Honkyu, nan Shanghai, rasuwar gogen mijinta ranar Talata da hantsi.

Marigayin ɗan gata ne tun fil azal. Ranar da aka gudo daga birnin Biyena, akwati ɗaya aka yarje wa kowa. Gittel ta bar alkukan kyandir na ibadar Asabar na mahaifiyarta don ya samu wuri. A jirgin ruwa yana ƙirjin Zelig, ita tana rungume da bokitin amai. A ɗakin nan da mutum tara ke kwana, shi kaɗai ke da bargon ulu, wai danshi na yi masa illa. Ita da ƙarfe aka yi ta. Shekara ashirin da aure, ba a taɓa shafa wuyanta yadda ake shafa nasa ba.

Amma Allah na gani, ya ciyar da gida. Jami'in Japan mai ba da takardar fita unguwa ba ya buga hatimi sai an yi masa kiɗa a tsaye cikin rana. Marigayin ya yi "iiii, iiii" kamar jaririn da aka mintsina, hatimi ya sauka, Zelig ya je gidan shayi ya yi wasa, ya dawo da burodi.

Ajali ya zo da damina. 'Yarsu Tsirel ta kwanta zazzaɓi, haƙora na kaɗawa. Gittel ta zare bargon ta lulluɓe 'yarta kwana huɗu. Yarinya ta tashi. Marigayin ya sha danshi, cikinsa ya buɗe, ya ce "ƙas", bai ƙara ba. Zelig ya yage rigarsa yadda ake yi wa mamaci na jini. Ita ke nan gare shi, kuma an san mai ɗinkewa.

Marigayin ya bar sandar gogawa, bakin ci uku, da takardar fita mai ƙarewa ran Juma'a.

Malamin majami'a ya ce ba a yi wa katako zaman makoki na kwana bakwai. Gobe bayan addu'ar safe za a kai gawar wurin kafinta Lao Fen, lungun masu gawayi, ko Mai Tayar da Matattu zai tausaya kafin Juma'a. Bargon yana jikin Tsirel, kada wanda ya tambaya. Kafinta ya ce zobe yake so a bakin aikinsa. Gittel ta cire na aurenta. Har shi ma marigayin ya cinye.